Janiba, Abuja ko ma'aikatar jiharku: ina za ka koyi lissafin kuɗin lafiya?

Duk lokacin da aka kusa tura sabbin masu bautar ƙasa, wayata ba ta hutawa. 'Ya'yan 'yan'uwa da ƙannen abokai, waɗanda suka karanta tattalin arziki ko ƙididdiga ko lafiyar al'umma, tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, ina zan nemi gurbin sanin makamar aiki in ina son shiga harkar kuɗin lafiya?" Galibi kafin in buɗe baki sun riga sun ambaci Janiba, inda hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take. Na gaji da maimaita bayani a saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Aikin nan, in an tattara shi, tambayoyi ne 'yan kaɗan. Daga ina kuɗin jinya ke fitowa, wa ke tara su, ta wace hanya ake biyan asibiti, sannan ma'aikata nawa ake buƙata kuma me zai zaunar da su a inda aka tura su. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a jinya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Duk wurin da zai sa ka fahimci dalilin waɗannan alƙaluma biyu da hannunka, shi ne wurin zuwa.

Ma'aunina daga ciwon da na ji ya fito, ba zan ɓoye ba. Bayan na gama jami'a na yi wata shida a wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja. A takarda an rubuta cewa ina sashen samar da kuɗin lafiya. A zahiri ni ne mai zagayawa da takardar sa hannu a taron bita, ni ne mai ƙirga kwalin abinci, ni ne mai bin direba a ɗauko allon majigi. Ba albashi, sai kuɗin mota in an tuna da ni, ina kwana a falon wani ɗan'uwa a Mararraba. Ranar da na fara zuwa intabiyun aiki na gaske aka miƙo mini kasafin wata jiha aka ce in nuna nawa aka ware wa lafiya, nawa aka saki. Na yi ta jujjuya takardu, gumi na keto mini. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini tallar gurbi, abu uku nake sa shi ya tambaya kafin ya amsa: wane alƙaluma za a bar ni in taɓa, wa zai riƙa duba aikina, kuma me zan fita da shi a hannu wanda zan iya cewa ni na yi. Sunan wurin yana zuwa ne daga baya.

Da wannan ma'aunin, zaɓina shi ne hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na ma'aikatar lafiya. Kano na da KSCHMA, Kaduna na da KADCHMA, Jigawa da Katsina da sauran jihohi kowa da tasa. Samari na raina su saboda ba su da ƙyalli, amma a nan kuɗin ke bi.

Ka duba yadda abin yake. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF na samar da kiwon lafiya na asali, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Dokar ta ce rabi ya bi ta hannun hukumar inshorar lafiya, kashi 45 ta hannun hukumar lafiya matakin farko, kashi 5 na agajin gaggawa ne. A 2022 kuma aka sa hannu kan dokar da ta kafa NHIA, sabuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Wannan duk za ka iya haddace shi a ɗakinka. Abin da ba za ka samu a ɗakinka ba shi ne ganin yadda kuɗin ke sauka a hukumar jiha, a yi wa marasa galihu rajista mazaɓa-mazaɓa, a raba su ga asibitocin sha-ka-tafi, a biya kowane asibiti gwargwadon kawunan da ke rajistarsa.

Wannan biyan kan kawuna, wanda 'yan ofis ke kira kafiteshan, shi kaɗai makaranta ne. Ana biyan asibiti wani adadi duk wata kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. NHIA ta daɗe tana biyan naira 750, a 2025 ta ɗaga zuwa 1,450. A ce asibiti na da mutum 2,000, a wannan farashin naira miliyan 2.9 ke nan a wata. Daga ciki zai sayi magani, ya yi gwaji, ya sa man janareta. To da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin jira, me ma'aikacin zai yi? Zai fara cewa magani ya ƙare, ko ya yawaita tura mutane babban asibiti, inda ake biya kan kowane aiki daban. A aji an koya mana wannan da zanen layuka a allo. Ban gane shi ba sai da na zauna a hukumar wata jiha, bayan na baro Abuja, aka jibge mini takardun neman biya na wata uku aka ce in tantance.

Shugabar sashen wata Hajiya ce da ta kusa ritaya, ba ta da yawan magana. In na kai mata aiki sai ta sa tabarau, ta bi layi-layi da biro, ta ce, "Ɗana, wannan jimlar daga ina ka samo ta?" In na fara kame-kame ta mayar mini. A teburinta na koyi cire sunayen da aka maimaita a rajista, na koyi bambancin abin da aka ware da abin da aka saki da abin da aka kashe, na kuma koyi Excel da gaske, ba irin wanda muke rubutawa a takardar neman aiki ba. Da na tashi tafiya ina da ɗan rahoto mai shafi kaɗan da sunana a jiki. Shi nake ɗauka zuwa intabiyu har na daina buƙatarsa.

Mai sha'awar ɓangaren ma'aikata ma nan ne wurinsa, sai dai ya nemi teburin kula da ma'aikatan lafiya a ma'aikatar ko a hukumar lafiya matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta a 2016 cewa ana buƙatar likitoci da nas-nas da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum dubu. A 2023 ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikata ya fi tsanani a cikinsu, har da Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. A Agustan 2024 Nijeriya ta amince da manufa ta musamman kan ficewar ma'aikatan lafiya zuwa waje. Kowa na maganar masu tafiya Ingila da Saudiyya, amma in ka ɗauki takardar albashi ka gwada da sunayen waɗanda ke zuwa aiki a asibitin ƙauye, za ka ga wata ficewar da ba a cika magana a kai ba: daga karkara zuwa babban birnin jiha, da 'yar takarda daga wani babba. Akwai hanyar lissafi ta WHO mai suna WISN, da ake auna yawan ma'aikatan da asibiti ke buƙata bisa nauyin aikin da ke kansa. In ka samu shiga ayarin da ke yin wannan a jiharku, ko ba a ba ka sisi ba ka bi su.

Aibin wurin a fili yake. Ofishin gwamnati ne: wuta na ɗaukewa, fayil na kwana, kuma in ka faɗa sashen da ba shi da aiki za ka shekara kana sauraron hirar siyasa. Kuɗi kuwa, in ta bautar ƙasa ka shiga, alawus ɗinka na naira 77,000 ne, abin da wurin zai ƙara maka sai ka ɗauke shi kyauta. Shi ya sa nake cewa ka je da ƙafarka tun kafin ka shiga sansani, ka gano wane sashe ne ke riƙe da alƙaluma, ka gaishe da daraktan, ka nemi takardar buƙatar a turo ka can.

Sauran zaɓuɓɓukan fa? Gurbin WHO mako 6 ne zuwa 24, sai ka kai shekara 20, kuma tun 2020 suna ba da kuɗin zama ga masu buƙata, bayan shekaru da aka yi ana sukar su cewa 'ya'yan masu hali kaɗai ke iya zuwa. Suna ne mai nauyi a takarda. Amma Janiba gari ne mai tsadar tsiya, kuma tun da Amurka ta sanar da ficewarta a Janairun 2025 hukumar ke tsuke bakin aljihu. Ka cike fom ɗin, ba asara, kada dai ka zauna jira. Na Bankin Duniya ana biya bisa awa, amma galibi a Washinton ne, ga maganar biza. Shirin cibiyar bincike ta ODI da ke Ingila, wanda ake yi tun 1963, shekara biyu ne kuma sai mai digiri na biyu. Abin dariyar shi ne a ma'aikatar gwamnatin wata ƙasa za su ajiye ka, irin teburin da ka raina a gida. A ƙungiyar lafiya ta Clinton, CHAI, ana aiki da alƙaluma sosai kuma suna nan Arewa, sai dai sun fi son wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Cibiyoyin jami'a irin ACEPHAP ta Jami'ar Bayero ko rukunin binciken manufofin lafiya na Jami'ar Nijeriya da ke Enugu sun dace da mai niyyar zama malami. Ƙananan ƙungiyoyi masu rayuwa da tallafin waje kuwa, tun da aka dakatar da kuɗin USAID, hukumar tallafi ta Amurka, a farkon 2025 da yawa ma'aikatansu na dindindin ma sun sallama.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don a nan ake yanka yaranmu. Da yake kowa ya ƙwallafa rai a kan manyan sunayen nan, 'yan damfara sun maida su jari. Talla za ka gani a WhatsApp ko Facebook, da tambarin WHO ko UNICEF, an rubuta alawus na daloli, gida kyauta, jirgi kyauta, saura kwana biyu a rufe. Ka latsa ka faɗa wani fom na Google. Bayan kwana uku a turo maka takardar taya murna mai hatimi da sa hannu, ba jarrabawa, ba intabiyu. Daga nan sai a fara: kuɗin tantance takardu, kuɗin gwajin lafiya a asibitin da su suka zaɓa, kuɗin ajiya na biza da wai za a mayar maka in ka sauka. Ba sa fara neman babban kuɗi. Da dubu biyar ko goma suke farawa, don sun san wanda ya biya na farko zai ji nauyin barin na biyu.

Ka riƙe wannan: babu wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke karɓar ko kwabo a kowane mataki na ɗaukar mutum, haka Bankin Duniya. Adireshin WHO yana ƙarewa ne da who.int, na bankin da worldbank.org. Saƙon da ya zo daga Gmail ko Yahoo ba nasu ba ne, ko da an jera tambari goma a kai. Wasu sukan sayi adireshi mai kama da na gaske, su ƙara kalma ɗaya ko su sauya harafi, don haka kada ka bi mahaɗin da aka turo maka. Rubuta adireshin hukumar da hannunka ka nemi tallar a can. In babu ita a can, babu ita. Akwai kuma waɗanda ba kuɗi suke nema ba tukuna: su ce ka turo lambar NIN da BVN da hoton fasfo wai za a buɗe maka asusun alawus, sai su kira su ce ka karanto lambobin da suka shigo wayarka. Wanda ya karanto ya miƙa mabuɗin asusunsa.

Wani nau'in ya fi wayo, don ba ƙarya tsagwaronta ba ce. Za a ce horon sanin makamar aiki ne ta intanet na mako huɗu, kyauta, sai a ƙarshe a ce takardar shaida dala kaza. Abin da za ka yi shi ne kallon bidiyon da ke warwatse a YouTube da rubuta ɗan sharhi da ba mai karantawa. Na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki, na ga yara sun jero irin waɗannan takardu shida-bakwai, aka tambaye su bambancin kasafin ayyukan yau da kullum da na manyan ayyuka suka yi shiru. In darasi kake so, WHO na da darussan samar da kuɗin lafiya a shafinta ba tare da biyan komai ba.

Na gida ma ba a bar su a baya ba. A bakin sansanin bautar ƙasa za ka haɗu da mai cewa yana da hanya, ka ba shi dubu hamsin ya sa a tura ka NHIA ko ma'aikatar tarayya. Wani ƙanen abokina ya biya, aka ba shi takarda mai kyan gani, ya ɗauka ya tafi Abuja da sabuwar shadda. Mai karɓar takardu ya duba lambar da ke sama ya ce ba ta cikin littafinsu. Ya kira mutumin, waya a kashe. Wata biyu ya yi yana safa da marwa kafin a sake tura shi, wannan karon makarantar sakandare a bayan gari, yana koyar da lissafi. Da ya gama ne ya koma hukumar taimakekeniyar jiharsu da kwafin takardunsa a ambulan, ya roƙi a bar shi ya yi wata uku na sa kai a sashen tantance takardun biya, kuma suka karɓe shi.