Shagon maganin dabbobin da na kai kwikwiyona a Damagaram, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Masu kare a gida ko a garka nake so su karanta wannan, musamman wanda ke da manya kuma yana shirin ƙaro ƙarami. Ni ina da biyu, Duna da karyarmu Kyalla, shekara biyar suna tsare mini ragunan da nake turkewa don layya, tunda ka san halin ɓarayin dabbobi in salla ta matso. To Duna ya fara tsufa, haushinsa ma ya rage, sai kawuna ya aiko mini da ɗan kwikwiyo daga wajen Tanut, irin dogayen nan na Buzaye masu siririn ciki, wata biyu da haihuwa, cikin kwali a bayan mota.

Ranar da ya iso Kyalla ta kusa halaka shi. Yara suka sake shi tsakar gida ya nufi kwanonta kai tsaye, kafin mu ankara ta danne shi ƙasa tana gurnani, da ƙyar na janye ta. Daren nan ban yi barcin kirki ba wallahi, kukansa har cikin raina. Da safe wani maƙwabcina mai kiwon kaji ya ce in je wani shagon maganin dabbobi da ke can gefen kasuwar Dole, mai shagon ya yi karatun abin, ba irin masu tallar magani a faranti cikin rana ba ne. Na ɗauki kabu-kabu na tafi da kwalina.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa maganar saye ba sai da ya gama tambaya. Ya ce Malam, manyan nan yaushe rabonsu da allurar haukan kare? Na ce an yi musu amma an daɗe, ya ce to su ne aikin farko, don su ke fita da dare suna cakuɗa da karnukan unguwa, duk abin da suka kwaso a jikin ƙaramin zai sauka. Shi kwikwiyon ya ce ba a yi masa ta hauka sai ya cika wata 3, daga nan kuma a riƙa sabuntawa duk shekara. Ya buɗe bakinsa ya duba dasashi, ya duba kunne ya ciro kaska guda huɗu a gabana, ya aza shi a sikeli ya auna kafin ya ba da maganin tsutsa, ya ce awon magani da nauyi yake tafiya, ba da ido ake yi ba, kuma a maimaita duk sati 2 har ya kai wata 3.

Sai maganar firigo, wadda ita ce ta sa na amince da shagon gaba ɗaya. Kowa ya san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi mana a garin nan lokacin zafi, a wuni babu. Na ce likita, allurar nan tana da rai kuwa? Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce in zagayo in gani, ashe firigon da sola yake aiki, ga ma'aunin sanyi a ciki, ya ce dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, in ta sha zafi ruwa kawai za ka tsira wa dabba kana zaton ka yi rigakafi. Ya nuna mini kwanan watan lalacewa a jikin kwalbar, daga baya da ya yi allurar ya ɓare tambarinta ya manna a karne, wato katin rigakafin kare, ya buga hatimi. Wannan karnen ku riƙe shi da kyau, ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabta shi za a fara tambayar ku. Kuma ya ja mini kunne sosai, ya ce ko yaƙushi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15 sannan a ruga asibiti ranar, kar a tsaya shafa toka ko jiran a ga yadda karen zai yi, don ciwon hauka in alamunsa suka fito a jikin mutum kusan ba a tashi.

Kan haɗa su kuwa, abin da ya ce mini na bi daki-daki kuma ya yi aiki. Sati 2 kwikwiyon na cikin tsohon akurkin kaji shi kaɗai, suna jin warin juna ta raga amma ba su taɓa juna, na ɗauki tsumman da yake kwana a kai na aje wurin kwanan manyan. Ranar haɗuwa ba cikin gida muka yi ba, bayan gida muka fita inda ba wanda zai ce nan nawa ne, ɗaya bayan ɗaya, Duna tukuna da igiya a wuya, sai washegari Kyalla. Kwano kowa da nashi, nesa da juna, a fara zuba wa manya. Ya ce in Kyalla ta yi masa gurnani kar in buge ta, tarbiyya take ba shi, sai in ta kai cizo sannan in shiga. Nan ne na fi wahala gaskiya, don hannuna kullum so yake ya kai ga sanda. Ya kuma hana yara zuba musu sauran miyar da ta ji albasa, da ƙashin kaza dafaffe, da ba su parasetamol in sun ga ba su da lafiya, ya ce duk suna cutar da kare.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Akwai ciwon da ke kashe ƙananan karnuka da amai da gudawar jini, parbo suke ce masa, allurarsa ana farawa tun sati 6 zuwa 8 a yi ta maimaitawa har wajen wata 4. To ranar babu ita a shagon. Ya ce sai an aiko daga Yamai, kwana uku, kwana ukun nan suka zama goma sha ɗaya, kuma ni ke ta kira, shi bai taɓa kira ya ce ga inda aka kwana ba. Shi da bakinsa ya gaya mini ƙwayar cutar tana yin watanni a cikin ƙasa, sai ruwan jabel, wato bilicin wanki, ke kashe ta, to ka ga duk kwanakin nan hankalina a tashe yake, ko takalmi ba na bari a shiga da shi wajen akurkin. Na gane masu kare ba su da yawa cikin masu sayensa, ragowar duk na shanu da tumaki da kaji ne, amma ko kwalba biyar ya kamata a ce tana aje. Sannan randebun zuwa gida don allurar manyan, ya ce ƙarfe 8 na safe, sai bayan azahar ya iso, na rasa aikin ranar. Ya ba da haƙuri, ya ce wata saniya ce haihuwa ta zo mata da gardama, na yarda, amma ai kira ɗaya ya isa. Wurin zama ma babu, benci guda ne, in Alhamis ce ranar kasuwa kuwa kar ma ka soma, mutanen ƙauye sun cika ƙofar, ka je Talata ko Laraba da sassafe.

Kuɗi bai tsawwala ba, duka da na manyan da kuɗin man moto ɗinsa bai kai kuɗin ɗan akuya ba, kuma ya rubuta mini kowane abu da farashinsa a takarda.

Yau kwikwiyon, Ɗanja yara suka sa masa, yana kwana jikin Duna a bakin turke. Kyalla har yanzu ba ta yarda ya matso kwanonta, don haka ni ke tsayawa a kansu lokacin cin abinci safe da yamma. Saura allurar parbo ta ƙarshe da ta hauka, na riga na biya kuɗin tun yanzu don ya yi odarta da wuri, Laraba mai zuwa zan koma.