Windows da Linux a tsohuwar kwamfutata: aikin ya yi, amma na sha wuya

Ina da ɗan shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwar Dell ce mai Pentium 4, ta girmi ɗana na fari. Windows XP ne a kanta, ba kuma zan rabu da shi ba, domin tsohuwar firintata da shi kaɗai take shiri. Matsalar ita ce tun Afrilun 2014 Microsoft ya yaye XP, yanzu ko shafin duba sakamakon jarrabawa ba ya buɗuwa a kai. Da had dis ɗina, wato faifan ajiyar bayanai, mai girman jiga (gigabyte) 40 ya fara ƙara kamar injin markaɗe, sai na ɗauki akwatin kacokan na hau mota zuwa Kano wurin wani mai gyara da aka yi mini kwatance.

Gaskiya yaron yana da hannu. Ya sa mini had dis na hannu mai jiga 250, ya ba XP jiga 120, sauran ya ɗora Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, nau'insa mai suna antiX da aka yi don tsofaffin injuna. Idan ka kunna, sai wani ɗan allo da ake kira GRUB ya fito ya tambaye ka wanne za ka shiga. Na dawo gida ina ta sa masa albarka. Sati uku ina bugawa a XP, ina shiga intanet a Linux, har maƙwabcina mai cajin waya ya riƙa leƙowa kallo.

Ranar kasuwa abin ya faru. A daren da ya gabaci ranar na bar Linux ya sabunta kansa, da safe na tayar da janareta, mutum huɗu na zaune a benci, ɗaya da katin ɗaurin aure da za a raba bayan Azahar. Na danna maɓalli, sai baƙin allo da wani ɗan rubutu, ƙarƙashinsa "grub rescue". Ba Linux, ba Windows. Na kashe na kunna ya fi sau goma, mai yana ta ƙonewa, mai katin yana ta duba agogo yana cewa "Malam, ko in tafi Ringim ne?" Ƙarshe dai can ya tafi. Na kira mai gyaran, ya ce "Alhaji, ai sai ka kawo ta." Kawo ta! Kamar daga bayan gida zan ɗauko.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Dutse ne ya fitar da ni. Ya shiga BIOS, wato ɗan tsarin da ke fara tayar da injin kafin Windows ko Linux, ya nuna mini da yatsa: "Kawu, duba nan." Had dis mai jiga 250, amma injin 137 kawai yake gani. Ya ce BIOS na wancan zamanin da lamba mai bit 28 yake lissafin wuri a faifai, iyakarta ke nan. Shi Linux idan ya riga ya tashi yana ganin faifan duka, amma GRUB da idon BIOS yake gani. Yankin Linux ya fara daga 120 ya zarce iyakar, to da aka sabunta, sai sababbin fayilolin tashi suka sauka can bayan katanga, inda hannu ba ya kaiwa. Da filas ya shiga, ya kwashe mini takarduna, ya yanka ɗan yanki na jiga ɗaya daf da na XP don fayilolin tashi kawai, ya sake ɗora Linux. Kafin Magariba an gama.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan lambar tana nan ɓaro-ɓaro a allon farko. Wanda sana'arsa ke nan bai duba ba, ko ya duba ya yi shiru. Da na so in ce ku je wurinsa, don bai tsawwala mini kuɗi ba, kuma had dis ɗin lafiyayye ne har yau. Amma duk lokacin da na tuna mai katin nan yana naɗe takardarsa, sai in fasa.

Ga kuma agogo, wanda shi ma bai faɗa mini ba. Duk sanda na fito daga Linux na shiga XP, sai lokaci ya koma baya da awa ɗaya cif, saboda Linux yana ajiye agogon injin a lokacin duniya, mu kuwa muna gaba da awa guda. Sau biyu ina zaune ina jiran La'asar, sai na ga mutane suna fitowa daga masallaci. Ɗan ƙanwata ya ce gyaran layi ɗaya ne, sai ya dawo hutu. Kafin nan agogon bango na rataye a saman firinta.