Harsashi mai marmashewa ko mai ramin baki: amsa ga Malam da ya tambaya

Malam, tunda iri ɗaya kake so ka saya wa ƙaramar bindigarka mai cin 9mm domin atisaye da tsaron gida a nan Texas, shawarata ita ce ka zuba mai ramin baki, wato harsashin da ke da rami a kansa domin ya buɗe idan ya shiga abu mai taushi, a bindigar da kake ajiyewa, ka bar mai marmashewa, wanda dillalai ke kira firanjibul, a filin harbi.

Na taɓa bin hanyar da kake shirin bi, kuma na yi nadama. Lokacin da na fara ajiye bindiga, abin da ya fi damuna shi ne ɗakin yarana yana bayan bangon falo, bangon kuwa allon jifsam ne kawai a kan katako, kamar yawancin gidajen Amurka. Sai na sayi kwali huɗu na mai marmashewa, saboda an ce mini da ya taɓa bango zai zama gari. Bayan wasu watanni malamin da ke koya mana harbi ya jera allunan jifsam shida a gaban tudun ƙasa, ya karɓi harsashina guda ɗaya ya harba. Muka je muka tarar da huda a kowane allo, ƙarama mai tsabta, tun daga na farko har na ƙarshe. Ranar na koma gida jikina a sanyaye, domin na san wanda yake kwana a bayan irin wannan bango.

Dalilin a fili yake idan aka duba yadda ake yin sa. Garin jan ƙarfe ake haɗawa da kuza ko roba a danne shi har ya dunƙule, saboda haka ba ya farfashewa sai ya ci karo da abin da ya fi shi tauri, kamar farantin ƙarfe ko kankare. Allon jifsam bai kai wannan tauri ba, tsokar jiki ma haka. A abu mai taushi yakan wuce ba tare da ya buɗe ba, ko kuma ya karye a inda ba a zata ba, kuma mai kare iyalinsa ba zai dogara da abin da bai san halinsa ba.

Mai ramin baki kuwa an gina shi ne a kan ma'auni sananne. A ranar 11 ga Afrilu 1986 jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu, alhali tun farko harsashi ya shiga jikin ɗaya daga cikin 'yan fashin ya tsaya dab da zuciyarsa, amma mutumin ya ci gaba da harbi. Daga nan hukumar ta kafa ƙa'idar cewa harsashi ya nutsa inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren jelatin da ake gwaji da shi, har bayan ya ratsa tufafi masu kauri ko gilashin mota. Speer Gold Dot da Federal HST, samfura biyu na mai ramin baki, duka a kan wannan ƙa'ida ake auna su.

Ni Gold Dot mai nauyin giren 124 (giren shi ne awon nauyin kan harsashi) nake amfani da shi shekaru da dama. Kafin in amince da shi sai da na harba guda 200 a bindigata, ko sau ɗaya bai sarƙe ba. Malamin harbin nan kuma ya jera mana galan-galan na ruwa muka harba, muka tsamo kan harsashin daga ciki ya buɗe kamar furen kabewa, gefunansa shida sun lanƙwashe baya, bai zubar da ko ɓarɓashi ba. Har yau yana cikin aljihun teburina, nakan nuna wa duk wanda ya zo da irin tambayarka. Sai dai ka sani shi ma yana ratsa allon jifsam, don haka sanin abin da ke bayan inda ka saita yana wuyanka, haka nan kulle bindigar a akwatin da yaro ba zai iya buɗewa ba.

Mai marmashewa yana da amfaninsa idan kana harbin farantin ƙarfe a kusa, domin ba ya dawo maka da tsinin ƙarfe kuma babu dalma a kansa. Iyakarsa ke nan a wurina. Ya fi sauƙin nauyi, yawanci giren 90 zuwa 100, shi ya sa inda yake sauka da yadda yake tura hannu sukan bambanta da na harsashin tsaro. Atisayen yau da kullum a kan takarda ka yi shi da harsashin gama-gari mai giren 124, ya fi araha kuma ya fi kama da wanda ka ajiye.

Ka yi hattara da masu tebur a kasuwar baje kolin bindigogi, waɗanda ke sayar da harsashi a leda ba kwali ba lambar masana'anta. Da yawa kwanson da aka riga aka harba ne suka sake ɗura wa albarushi, ba ka san awon da suka zuba ba, kuma su ne masu rantsuwa cewa kayansu ba ya huda bango. Duk wanda ya faɗa maka haka, ka ajiye masa kayansa.

'Yan'uwa da ke gida kuma su lura cewa wannan bayani na Amurka ne, domin dokar makamai ta Najeriya ta sa fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, a jerin bindigogin da aka haramta. Kai kuwa Malam, sayi kwali biyu na Gold Dot ko HST, ka gwada su a bindigarka kafin ka ajiye.