Manhajar ERP: a gajimare za ka ajiye ta ko a ofishinka?

Idan kasuwancinka ya kai inda littafin bashi, na sito da na albashi suka daina jituwa, to lokacin sayen ERP ya yi. Ita ce manhajar da ke haɗa lissafin kuɗi, kaya, ciniki da albashi wuri guda, ta yadda buhu ɗaya in ya fita daga sito, nan take akawu zai gani. Abin da za ka fara yankewa shi ne inda za ta zauna: a kan saba, wato babbar kwamfuta mai riƙe bayanai, da ka saya ka ajiye a ofis, ko a gajimare, wato rumbun kamfanin da ya ƙera ta, kai dai ka shiga ta intanet kana biyan kuɗin wata-wata.

Ni dai ga yawancin 'yan kasuwarmu gajimare nake zaɓa, kuma wutar lantarki ce hujjata ta farko. Saba ba ta jure zafi, ba ta jure ɗauke wuta. Na taɓa leƙa ɗakin da wani dillalin hatsi ya ware wa tasa: na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, batura jere a kusurwa, janareto a waje yana shan dizal har ranar da ba a buɗe kasuwa ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar farashin da aka ba shi. Ga kuma gobara, Allah ya kiyaye. Wanda ya ga kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san kayan da suka ƙone ana iya sake sayensu, amma jerin masu bashi in ya tafi da kwamfutar, sai dai haƙuri.

Sai batun rassa. Mai shago a Kantin Kwari, sito a Sharaɗa, reshe a Maraɗi, zai ga cinikin duka ukun a wayarsa ko yana Saudiyya. Sabunta manhajar ma aikin masu ita ne. Kamfanonin da suka girka ECC, tsohuwar manhajar ERP ta kamfanin SAP, a ofisoshinsu yanzu suna fama da ƙaura, don kamfanin zai daina kula da ita ta yau da kullum a ƙarshen 2027.

Amma kada a ruɗe ka, gajimare na da nata cizon, kuma dala ce. Yawancin masu manhajar da dala suke sa farashi, kan kowane ma'aikaci. Wanda ya sa hannu kafin Yunin 2023, lokacin dala tana wajen naira 460 a hukumance, ya ga kuɗin da yake biya a naira ya ninka fiye da sau uku cikin 2024 ba tare da ya ƙara mutum ko ɗaya ba. Intanet ma ba ta da tabbas: a Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma sun ji a jikinsu. Don haka ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban.

Masana'antar da ke da tsayayyar wuta da ƙwararrun ma'aikatan kwamfuta nata, ita ce sabar ofis za ta iya yi wa riba.

Cikin manhajojin ERP da ke kasuwa, NetSuite ta kamfanin Oracle a gajimare kaɗai take. Business Central ta Microsoft tana yin duka biyun. Odoo da ERPNext su na fi so ƙaramin ɗan kasuwa ya fara gwadawa, domin za ka iya farawa a gajimare, in dala ta matsa ka kwashe ka dawo da su gida. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi a wace ƙasa bayanan abokan cinikinka za su zauna, tunda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora maka alhakinsu. Sannan ka ce wa mai sayarwar ya nuna maka a gabanka yadda ake fitar da bayanan duka, ranar da ka ce ka fasa.