Ciwon Baya: Ostiyofati ko Fisiyo?

Mai fama da ciwon baya, sanƙarewar wuya ko ƙagewar kafaɗa yakan rasa wanda zai nufa tsakanin masu aikin nan biyu.

Ostiyofati ya samo asali ne daga wani likita a Amurka, Andrew Taylor Still, a shekarar 1874. Aikin kusan duka na hannu ne: a danna tsoka, a miƙar da ita, a juya gaɓa a hankali, wani lokaci a yi mata ɗan fizga har ka ji ƙas. Wannan ƙarar kumfar iska ce a ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, ko da yake mutane na son jin ta. Mai aikin yakan duba jiki gaba ɗaya, don ciwon gwiwa na iya tasowa daga ƙugu. Sau da yawa akan ji sauƙi da wuri, musamman a ciwon ƙasan baya, amma ciwon kan dawo idan zaman kujera bai ragu ba.

Fisiyo kuwa, wato gashin ƙashi, ya fi dogara da motsa jiki. Za a tsara maka atisaye ka riƙa yi a gida, kuma nan ne da yawa ke gajiya. A ganina shi ya fi dacewa bayan tiyata, karaya ko shanyewar ɓarin jiki.

A Ingila, ƙa'idar 2016 ta hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta amince da aikin hannu ga ciwon baya ne kawai idan an haɗa shi da motsa jiki. Wanda ƙashinsa ba shi da ƙwari ya guji fizga. Idan ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti za a garzaya.