Zuwa ga Yaya a Agege, kan na'urar da kika tambaya

Yaya, ina gaisuwa daga Manchesta. A gaishe min da Inna da duk mutanen Zango.

Kin tambaye ni kan na'urar nan, niyurofidbak, da aka ce tana gyara yaro mai ƙiriniya da rashin natsuwa. Na kai ɗana Abba, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Ana manna masa 'yan wayoyi a fatar kai da wani mai mai danƙo, a zaunar da shi gaban kwamfuta yana kallon katun. Ba lantarki ake sa masa ba, motsin ƙwaƙwalwarsa wayoyin ke karantawa. In hankalinsa ya tsaya hoton ya washe, da ya tashi sai ya dusashe, wai a haka ƙwaƙwalwar za ta koyi riƙe kanta. Masu na'urar sun ce sai ya yi zama 30 zuwa 40, kowanne fam 80 daga aljihuna, domin asibitin gwamnati ba ya yi. Ki juya wannan zuwa naira, ya ninka hayar gidanku ta shekara.

A zama na 12 na janye. Likitarsa ba ta ɓoye min ba: a gwaje-gwajen da iyaye ba su san ko na gaske aka yi wa ɗansu ko na bogi ba, bambancin kaɗan ne. Abin da ya yi wa Abba aiki shi ne maganin da kuka sani da Ritalin, wanda a Ingila yaro ƙasa da shekara 16 ke karɓa kyauta, ko da yake ya rage masa cin abinci. Sai malamarsa da ta dawo da shi kujerar gaba tana gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan. Amma fa kafin a duba shi sai da muka yi shekara da rabi a layi.

Ke kuwa ga Oshodi kusa da ke, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ke da sashen yara. Ki kai ɗanki Baffa a duba shi tukuna, kar sunan Yaba ya tsorata ki, kuma kar ki sayar da sarƙarki saboda na'ura. Ki roƙi malaminsu na Islamiyya ya ajiye dorinar nan. Baffa ma ya fi Abba gata ta wani wajen, yana da layin unguwa da yara da ƙwallo, nawa kuwa sanyi ya kulle shi a ɗaki yana tsalle kan kujeru.

In kin samu mai tahowa, a haɗo min kuka da daddawa.