Kwas ɗin koyon tarke: darasi na huɗu ya burge ni, gyaran rubutu ya ƙona min rai

'Yan watanni ke nan da na yi rajistar wani kwas na intanet da ake ta tallarsa, wanda ya yi alkawarin koya wa mutum kallon fim da wasan kwaikwayo, da sauraron kiɗa, da karatun littafi, irin yadda masu tarke, wato masu nazari da sharhi a kan ayyukan fasaha, suke yi. Tsari biyu gare shi, babba da ƙarami. Babban tsarin na ɗauka, wanda aka ce malami zai karanta rubutunka ya yi maka gyara. Kuɗinsa ya fi na ƙaramin. Ku riƙe wannan maganar a ranku.

Darussa ukun farko ba su motsa ni ba. Jigo ne da salo da zubi da tsari, abin da duk wanda ya zauna ajin adabi ya riga ya sha. Har na fara tunanin na yi asara. Sai ga darasi na huɗu.

Malamar ta ce kowa ya ɗauko takarda da biro, za ta nuna gutsattsarin bidiyo uku, a rubuta yadda ɗan wasan ya taka rawarsa a kowanne. Na farko ya nuna fuskar wani dattijo yana kallon gabansa, sai hoto ya juya ga ƙofar wani ɗaki a buɗe, ba kowa ciki. Na rubuta cewa kaɗaici ya cika idonsa. Na biyu, dattijon ne dai, sai takalmin yaro ƙafa ɗaya a yashe a bakin titi. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na rubuta cewa mutumin nan gwani ne, ya danne kuka ba tare da ya motsa ko leɓe ba, har na ja layi a ƙarƙashin kalmar gwani. Na uku kuwa wata wasiƙa ce a kan tebur, an farke ambulan ɗinta. Na ce fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda labari mai daɗi ya iske bayan dogon jira.

Sai ta jera fuskokin uku a kan allo, gefe da gefe. Ashe ɗauka ɗaya ce. Daƙiƙa bakwai ɗin nan dai aka maimaita sau uku, ko ƙiftawar ido ba ta bambanta ba. Na tsayar da bidiyon, na dubi takardata, na sake duban allo. Kaɗaicin da kukan da farin cikin duk ni na kai su fuskar bawan Allah, shi kuwa zaune kawai yake yana kallon kyamara. Wanda ya yi aikin shi ne mai tace fim, wato mai yanka hotuna yana haɗa su, da ya zaɓi abin da zai biyo bayan fuskar.

Daga nan ta kawo tarihin abin. Lev Kuleshov ne, wani mai shirya fim ɗan Rasha da ya koyar a makarantar fim ta Mosko, wadda aka buɗe a 1919, ya yi irin wannan gwaji wajen shekarar 1920. Ya ɗauko fuskar fitaccen jarumi Ivan Mosjoukine, ya haɗa ta da kwanon miya, ya kuma haɗa ta da akwatin gawa, 'yan kallo suka yi ta yabon jarumin a kan yunwa da baƙin cikin da bai taɓa nunawa ba. Shekara ɗari ke nan, amma tarkon ya kama ni kamar jiya aka ɗana shi.

Ban iya riƙe abin ni kaɗai ba. Na kira ƙanwata na kunna mata, ban ce mata komai ba. Da aka zo kan takalmin sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yaya, ɗansa ne ya rasu ko? Dubi idonsa." Da na nuna mata gaskiyar, sai ta ce ba ta yarda ba, a maimaita. Sau huɗu muka maimaita.

Tun daga ranar kallona ya canza. Da can in fim ya sa ni hawaye, sai in ce jarumar ta iya, shi ke nan. Yanzu sai in koma baya in binciko abin da ya jawo hawayen: ita ce, ko kiɗan da aka shigo da shi a hankali, ko daɗewar da kyamara ta yi a kan hannunta kafin a yanke? Wani lokacin ita ɗin ce da gaske, kuma a nan yabon da zan yi mata yake da nauyi, don na san abin da nake yabo. A makon nan da an ce in ba kwas ɗin maki, da na ba shi cikakke, na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ɓangaren wasan kwaikwayo ma ba laifi a baki. Malamar ta bi ta kan Aristotil, masanin falsafa na tsohuwar Girka, da ginshiƙai shida da ya lissafa wa wasan ban tausayi, inda ya sa tsarin labari a gaba da komai, ta kuma zo kan Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo na Jamus, wanda ba ya son ɗan kallo ya nutse cikin tausayi har ya manta da tunani. Sai dai wasan da aka ba mu mu kalla, kyamara ɗaya aka kafa can ƙarshen zaure, 'yan wasan kamar tururuwa a kan dandamali, murya tana zuwa tana ɓacewa. A zauren wasa idonka ne mai tace maka hoto, kai kake zaɓar wanda za ka kalla. To ta yaya zan zaɓa alhali ba na ganin fuskar kowa? Na kiɗa kuwa ya fi ba ni haushi. Minti arba'in ana bayanin yadda Richard Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, yake liƙa wa mutum ko takobi ko zobe wani ɗan guntun sauti da zai riƙa dawowa duk sanda aka tuno shi, amma abin da aka kunna mana bai kai rabin minti ba. Aka ce mu je mu nema da kanmu. Kiɗa da kunne ake koyonsa, ba da allon rubutu ba.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne gyaran da na biya kuɗi dominsa.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya rubuta sharhi mai kalma 800 a kan aikin da ya zaɓa. Na zaɓi wani fim da na daɗe ina so. Sau biyar na kalle shi. Akwai wata fitowa da uwa take jiran ɗanta a tashar jirgi, na zauna da agogo ina ƙirga yanka, wato sau nawa aka sauya hoto, na samu goma sha ɗaya cikin minti biyu, na lura duk sanda jirgi ya matso sai tsawon ɗaukar ya ragu, shi ya sa numfashin mai kallo yake sama-sama. Dare takwas na yi a kan rubutun nan, ina gogewa ina sakewa. Akwai sakin layi na uku da ni kaina na san yana ɗingishi, na kasa gane ciwonsa, kuma shi na fi ƙosawa in ji abin da malami zai ce a kai.

Masu kwas ɗin sun ce cikin kwana 14 gyaran zai zo. Na yi mako biyar ina jira, na tura saƙo sau uku. Ranar da amsar ta zo hannuna har rawa yake wajen buɗewa. Layi uku ne. An ce aikina ya yi kyau, na fahimci jigon littafin sosai, in ƙara kula da salon marubucin, in ci gaba da ƙoƙari.

Wane littafi? Wane marubuci? A kan fim na yi rubutu, sunansa yana nan a layin farko, kalmar kyamara ta fito ya fi sau goma. Na tambaya a zauren ɗalibai, wata baiwar Allah da ta yi nata a kan wasan dandamali ta turo hoton amsarta. Kalma da kalma irin tawa ce, har waƙafi. Ba wanda ya karanta nata, ba wanda ya karanta nawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai huce ba. Mako goma sha biyu ana ce mana kada mu yanke hukunci a kan aikin da ba mu zauna mun kalla da kyau ba, cewa haƙƙin mai fasaha ne a kan mai tarke. A cikin darasin ma an ba mu misalin Roger Ebert, wanda ya fara sharhin fim a jaridar Chicago Sun-Times a 1967, ya ci gaba har rasuwarsa a 2013, ya kuma zama mai sharhin fim na farko da ya samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta Amurka, a 1975. Aka ce da yawan rubutu hannu yake faɗawa. Na yarda. Amma mai koyo yana bukatar wanda zai ɗora yatsa a kan sakin layi na uku ya ce masa nan ka kauce, ga dalili. Abin da na saya ke nan, ba a kuma ba ni ba.

Don haka wanda ya tambaye ni, ƙaramin tsarin zan ce ya ɗauka, ya kalli bidiyoyin, ya tsaya sosai a kan darasi na huɗu, ya nemi aboki mai gaskiya ya riƙa karanta masa rubutunsa. Malamar ta san aikinta, ba ni da ta cewa a kanta. Babban tsarin kam ban yafe kuɗina ba.

Bayan ƙorafi na huɗu sun ce in sake turowa, wai za a ba wani malamin. Jiya na tura. A saman shafin na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan sharhi a kan fim yake, na kuma roƙi a duba min sakin layi na uku.